Arnan Uɗu

Kwanan baya jikata ta zo gaishe ni tare da wata ƙawarta ta makaranta, farar yarinya mai kunya. Na tambaye ta sunan gidansu, kamar yadda muka saba, ta ce su 'yan gidan Arna'uɗ ne. Na saci kallon jikar tawa in ga ko za ta yi wani motsi, amma ko gezau, tana ta latsa wayarta. Da baƙuwar ta tafi na ce mata, "Ke, kin san abin da ake ce wa arne da Hausa?" Ta ɗago kai ta ce da Larabci, "Esh arne, ya Sitti? Mene ne shi, Kaka? Abinci ne?" Na rasa abin yi, dariya ko kuka. Yaran nan suna jin Hausa ne kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta, rabi ya shiga rabi ya wuce. Kalmar da na ga ta tsaya tsakanin gida biyu shekara da shekaru ta mutu a bakinsu, ba wanda ya ma lura. Ban yi baƙin cikin mutuwarta ba. Abin da ya dame ni shi ne ta makara.

A lokacin ba a daɗe da kai ni gidan miji ba, a cikin Balad, tsohuwar unguwar Jidda. Attajiran Jidda sun fara ƙaura zuwa sababbin unguwanni inda mota ke zuwa har ƙofar gida, suna bar wa irinmu tsofaffin gidajensu haya. Namu dogo ne, na dutsen teku, kowane hawa da iyalinsa, kuma duk Hausawa ne, har mutanen lungu suna ce masa gidan Takari. Bangon yana gumi kamar mutum. In ka jingina da shi sai ka tashi da farin gishiri a bayan riga. Yanzu ina zaune a ɗakin da na'urar sanyi ke gurnani dare da rana, ban san gari ya waye ba sai na dubi agogo. A can kuwa kunne ne agogonmu. Kiran assalatu na masallatan unguwa yana karo da juna, sai kukan jirgin ruwa daga tasha, sai ƙarar garwar mai ruwa yana hawo mana matakala yana nishi, sai taɓaren matan gidanmu, don ko a Jidda Bahaushiya ba ta yarda an yi tuwo ba a ji turmi ba. Da hantsi awaki su cika lungu suna cin takarda da ɓawon kankana. Sana'armu wankin alhazai da suyar gyaɗa. Hannuna har yau bai manta da sabulun nan mai cin fata ba.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ita ce sarauniyar gidan ba tare da an naɗa ta ba. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa. Ta yi shekaru a hanya, ta binne miji da 'ya'ya a Sudan kafin ta ga teku. Mace ce mai tsoron Allah da tsabta, ba ta cin haƙƙin kowa, amma in ta riƙe magana ko limamin Harami bai isa ya ƙwace ba. Larabcinta na kasuwa ne, na "nawa" da "rage mini." Abin da take yawan faɗa mana shi ne, "Ban ratso duniya da ƙafa don in zo in ɓata cikina a ƙofar Makka ba." Duk abincin da zai shigo gidan sai ta san hannun da ya dafa shi.

Bango ɗaya ya raba mu da wata tsohuwa da ake kira Hanum, wato uwargida da yaren Turkawa. Doguwa ce, fara sol, idonta irin na kyanwa, kullum cikin baƙaƙen kaya. Tana zaune a hawan sama na gidan da ke manne da namu, ita da ɗan yayanta, akawu a wani kamfanin jiragen ruwa, wanda ke fita da safe sai bayan isha'i ya dawo. Ƙasan gidan duk ɗakunan ajiyar wani ɗan kasuwa ne, saboda haka ba ta da maƙwabta sai mu. Ranar da suka tare, Inna ta tare mai ruwa a matakala ta tambaye shi su waye. Ya ce, "Arna'uɗ." Haka Larabawa da Turkawa ke kiran mutanen Albaniya, wata ƙasa mai duwatsu can gefen Turai, kuma duk Jidda ta san su da Musulunci. Amma kunnen Inna Hausa yake ji. Ta hawo tana salati ta ce, "To, an kawo mana arna maƙwabta. Arnan Uɗu." Wata ta ce ina ne Uɗu kuma? Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma ko'ina ne dai ba a sallah a can. Kafin la'asar sunan ya zauna daram a gidan daga sama har ƙasa.

Maigidana ɗan dako ne a tasha, ya ga mutane iri-iri. Ya ce, "Inna, ai Musulmi ne, sunan ƙabilarsu ne kawai." Ta ce, "Mutum ya buɗe baki ya ce shi arne ne, kai ne za ka musuluntar da shi da naka bakin? Kai ka haife shi?" Ya sunkuyar da kai. Da muka shiga ɗaki ya ce mini, "Uwata ce. Ki zuba ido kawai." Kuma gaskiya Hanum ba ta taimaki kanta ba. Tana shan taba. Tana da hoton wani mai gashin baki a bango. Ga fari, ga idon kyanwa. Duk wanda ya leƙa ya dawo da sabuwar hujja.

Ni a Jidda aka haife ni, Larabci ba ya yi mini wuya. A saman soro muka san juna, wajen shanya, don katangar da ke tsakaninmu iya ƙugu ce. Wata rana ta miƙo mini allura da zare ta ce, "Ya binti, 'yata, idona ya tafi ya bar ni." Na zura mata. Washegari ta miƙo mini gahawa a ɗan ƙaramin finjali mai bakin zinariya, da tsaga a gefe. Larabcinta abin dariya ne, namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai. Da idona na ga ta shimfiɗa darduma ta yi la'asar, raka'a huɗu cif, har da lazimi. Na sauko da murna na gaya wa Inna. Ta ce, "Yo arne in ya zauna cikin Musulmi ba zai koyi dungura goshi ba?" Ban sake kawo mata labari ba, amma ban daina hawa soro ba. Wankin alhazai ba ya ƙarewa, shanya kuma dole ce.

A nan, tsakanin zannuwan harami masu ɗigar ruwa, na ji tarihin gidansu guntu-guntu. Ta ce asalinsu wani kwari ne tsakanin duwatsu, kogi ya ratsa tsakiyarsa. Da Sarkin Santambul ya ci ƙasar, sai ya bar wa kakansu na farko kwarin gaba ɗaya, da sharaɗin duk ranar da aka buga gangar yaƙi zai kawo mazaje. Haka aka yi ta yi, uba ya bar wa ɗa. Ƙasar tasu ce kuma ba tasu ba ce, in ji ta, aro ce da ake biya da 'ya'ya maza. Kowane zamani sai gidan ya ba Sarki ɗa. Wani zazzaɓi ya kashe shi a Yaman, wani ya daskare a yaƙi da Rasha, wani ya yi gwamna a wani gari na Sham ya dawo da ciwon ido da girman kai. Akwai wanda ya ji ƙarfi ya kawo masa, ya daina aika haraji. Aka gayyace shi liyafa. Dokinsa da takalmansa ne suka dawo gida, kansa kuwa ya wuce Santambul cikin buhun gishiri. Aka ƙwace kwarin, sannan aka mayar wa ƙanensa, bayan ya je ya sumbaci hannun da ya sa aka yanka yayansa. Ta ce, "Daga tsatson ƙanen muka fito. Mu zuriyar masu sumbatar hannu ne, ya binti. Shi ya sa muka daɗe."

Ta ba ni labarin itatuwan zaitun da ba a ganin ƙarshensu, da masara, da tumaki, da injin niƙa da ruwan kogi ke juyawa. Ta ce ɗakin baƙinsu ba shi da sakata, tukunya ba ta sauka daga wuta, wanda duk dare ya yi masa a kwarin a nan zai kwana ko da maƙiyi ne. Ba ta kuma ɓoye mini sauran ba. Talakawa ne ke noma, su kawo rabon gida kafin su taɓa nasu. Tana yarinya ta ga kakanta ya sa an ɗaure wani manomi a jikin itace tun safe saboda buhu ɗaya da ya ɓoye, matar mutumin na durƙushe a ƙofa ba wanda ya kula ta. Na ce a raina ashe sarauta ko'ina halinta ɗaya. Ni jikar talakawa ce, irin wannan ne ya tashi kakana daga garinsu. Da a kwarin nan aka haife ni, ni ce matar da ke durƙushe. Na so in ji haushinta, amma ina duban safarta da ta sha ɗinki har ta gaji sai haushin ya ƙi zuwa.

Sannan daular Turkawan ta rushe, suka zama kamar kajin da aka ɗauke wa akurki. Aka yi sabon sarki na gida, suka sumbaci hannunsa. Sojan Italiya suka zo, suka lallaɓa. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki kuwa, babu hannun da za a sumbata. Aka raba ƙasar, aka kwashe mazan gidan a mota. Mahaifinta ya rasu a kurkuku. 'Yan'uwanta maza an harbe su a bayan wata katanga, ba a faɗi inda aka zuba su ba. Ita da mijinta da ɗan yayan nata, yana yaro, suka tsere ta jirgin ruwa zuwa Masar, mijin ya rasu a can, rayuwa ta turo su Jidda. Saƙo ba ya shiga ƙasar, ba ya fitowa. Daga bakin wani matuƙin jirgi ta ji cewa an nome maƙabartar kakanninta, masallacin da suka gina kuma an mayar da shi rumbu. Ranar da ta faɗa mini wannan ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ba wanda ya yi musu wanka. Ba wanda ya sallace su. Ko wurin da zan tsaya in ce assalamu alaikum ba ni da shi."

Abu ɗaya ya rage mata da za ta iya yi musu. A gidan ubanta, duk ranar Ashura ana dafa wani kunun alkama mai kauri, da wake da zabibi da ɓaure da kirfa, a tukunyar da sai ƙarti huɗu ke sauke ta. Duk kwarin ke ci, kuma duk wanda ya ci sai ya yi Fatiha ga mamatan gidan. A Jidda tukunyarta 'yar ƙarama ce, amma ba ta taɓa fashi ba. Takan kwana biyu tana tsince alkama da idon nan nata da ya tafi. In ta zo zubawa, kowane kwano sai ta ambaci sunan mamaci ɗaya a kansa. Ta yi imani cewa in Musulmi ya ci kwanon ya yi Fatiha, ladan zai je ya sami mai sunan duk inda aka jefa shi. Wadda ta dafa ba ta ci, don in ta ci ya tashi daga sadaka. Ɗan yayanta kuwa kunyar abin yake ji, yana cewa al'adar ƙauye ce. Saboda haka ta katanga take miƙo mini faranti cike da kwanuka, ta ce, "Kai wa mutanenki. Ku masu sallah ne, ina jin butocinku da asuba."

Inna ba ta taɓa mayar da kwano a fuskar mai shi ba, ba haka aka rene ta ba. Takan karɓa ta ce an gode, Allah ya ba da lada. Sannan ta sa a zagaya bayan gida a juye wa awaki, a wanke kwanukan da ƙasa da ruwa, a cika su da soyayyar gyaɗa a mayar, don kwano ba ya komawa wayam. Hanum in ta ga gyaɗar sai fuskarta ta yi haske, ta ce lalle sun ji daɗinsa. Shekarar farko na sa cokali a matakala, Inna ta kama ni, ta sa na kurkure baki tana tsaye. Daga nan nakan ci nawa a soro kafin in sauko da sauran. Kowace shekara mamaci ɗaya ke samun rabonsa, sauran na awaki. Na sha kai ƙara wurin malamin da ke hawan ƙasa, ya ce halas ne, a ci. Amma matarsa ta fi tsoron Inna a kan tsoronsa, shi kuma ba ya son rigimar mata. Ni amarya ce a gidan mutane. Muryata ba ta wuce ƙofar ɗakina.

Sau ɗaya na ga kamar dama ta samu. Hanum ta kwanta ciwon ƙirji, na ce wa Inna duba mara lafiya haƙƙin maƙwabtaka ne ko da wane ne. Ta yarda, don ba ta wasa da haƙƙi. Na ce a raina in suka zauna ido da ido, ni ina fassara, magana ta ƙare. Muka hau. Hanum ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta karɓi Inna kamar matar gwamna ta zo. Inna ta zauna a bakin tabarma, ta juya wa hoton bango baya. Bayan gaisuwa Hanum ta fara abin da ta fi iyawa, ta ce gidansu ya yi wa Daular Usmaniyya hidima tun kaka da kakanni. Inna ta ji kalmar ta zabura.

"Wace Usmaniyyar? Ta Sakkwato?"

Na ce, "A'a Inna, ta Turkawa."

"Au, su ma sun ɗauki sunan?" Ta taɓe baki. "Ke 'yar nan, bar zagaye-zagaye. Tambaye ta, da gaske arna ne?"

Kafin in buɗe baki Hanum ta tsinci kalmar. Ta zaci sunan mutanenta ake ambata don girmamawa. Ta dafa ƙirji, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Aiwa, haka ne! Arna'uɗ! Uba da uwa!"

Na yi ta bayani har bakina ya bushe, cewa suna ne kamar a ce Bakano ko Bazazzagi. Na ga Inna ta ɗan yi laushi. Ta ce to in haka ne ta faɗi sunayen iyayenta. Hanum ta fara jero su, sunaye irin namu na Musulmi, ɗaya bayan ɗaya, Inna na gyaɗa kai. Da ta tsaya a nan da an gama. Amma 'yar sarauta ba ta yanke salsala a tsakiya. Ta bi su har kan na farko, ta ce shi Nasrani ne, yana da coci a kan dutse, ya musulunta ne da Sarkin Santambul ya zo, aka bar masa ƙasarsa. Na juya na ce, "Ta ce kakansu na farko ya karɓi Musulunci tun zamanin da." Inna ta miƙe tana gyara mayafi. Ta ce, "Larabcin nawa bai kai naki ba, amma na san Nasara in na ji. Allah ya ba ta lafiya. Mu tafi." Duk gidanmu an san cewa kakan Inna Bamaguje ne, ana faɗa a ɓoye wajen daka. Wataƙila shi ya sa kalmar ke ƙona ta haka. Amma wa ya isa ya tuna mata? Hanum kuwa ta yi kwanaki tana yabon surukata, wai mace ce mai kwarjini, ta tuna mata da wata gwaggonta.

Haka muka ci gaba har shekarar da aka fara rushe gidaje don a faɗaɗa hanya. Aka ture wani tsohon gida da ke bayan namu. Ba wanda ya yi tunanin cewa daga ranar, tagar katakon Hanum mai huje-huje tana kallon bayan gidanmu kai tsaye.

Ashurar shekarar ina da tsohon ciki. Bayan la'asar ta miƙo mini faranti ta ce wannan na kakanni ne da mahaifiyarta da mijinta, akwai na biyu yana hucewa, in dawo in ɗauka. Na ce zan ci nawa a na biyun. Na sauka da shi, aka yi yadda aka saba. Na komo soro na kira ta, shiru. Na sake kira, shiru, sai Inna ta ƙwala mini kira daga ƙasa don girki. Mu ma ranar tamu ce, ranar cika-ciki. Ana dafa wutsiyar ragon layya da aka adana, a yi tuwo mai yawa, kuma dole kowa ya ci har ya kasa tashi, don Inna ta ce wanda bai ƙoshi ranar ba zai shekara da yunwa. Da aka yi magariba ta tsaya a kaina, ta ce ni mutum biyu ce, in ci na mutum biyu. Na ci har numfashi yana yi mini wuya. Da ta ga na cinye ta sa mini albarka, na lallaɓa na hau da sunan kwashe shanya.

Na tarar da Hanum zaune a kan darduma a gindin katanga, faranti a gabanta da kwano huɗu. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Baƙar akuyar nan mai karyayyen ƙaho, ita ta ci na mahaifiyata."

Na tsallaka katangar da ƙyar na zauna kusa da ita.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun farko, ya Hanum."

"Ba daɗi ne?"

"Ba su taɓa ɗanɗanawa ba."

Sai ta ce, "Kalmar nan da surukarki ta faɗa a ɗakina. Mene ne ita a harshenku?"

Ban ga amfanin ƙarya ba kuma. Na ce arne shi ne wanda bai san Allah ba, wanda ba a cin yankansa, ba a sallatar gawarsa. Ta maimaita kalmar a hankali, kamar tana ɗanɗana ta. Sai ta yi wata 'yar dariya da ban so ji ba. Ta ce, "Kuma na dafa ƙirji na ce aiwa." Ta share baki da gefen mayafi. "Da kakana ne aka faɗa wa haka, da an kwana ana jin kukan mutum a kwarin. Ni ko akuyar ban iya korarta ba. Ina tsaye a taga ina kallo."

Can ta juyo ta kama hannuna. "Ya binti, ke kin yi karatu. In akuya ta ci, yana isa gare su?"

Na so in ce yana isa. Na san ana samun lada a kan kowane mai rai. Amma ba wannan take tambaya ba, Fatihar take tambaya, kuma akuya ba ta Fatiha. Sai na jawo farantin gabana na ce ta ba ni cokali.

Ta ce waɗannan huɗun su ne marasa kabari, shi ya sa take ajiye su a ƙarshe. Ta ɗauki na farko ta ambaci sunan mahaifinta. Na ci, na yi Fatiha, ta shafa. Ta ɗauki na biyu, babban yayanta. Kunun nan yana da nauyi, ga zaƙi, ga tuwon Inna a wuyana, ga ɗa yana shurina ta ciki. Na ci, na yi Fatiha. Na uku na yi ta tura shi da ruwa, gumi na keto mini, ina haɗiyewa ina addu'ar kada ya dawo, don in ya dawo ban san hukuncinsa ba. Na gama shi. Ta shafa. Na kai cokali cikin na huɗu, na ɗago shi har bakina, maƙogwarona ya rufe. Na jira, na sake gwadawa. Wallahi da za a yanka ni ba zai shiga ba. Na ce ta ajiye mini zuwa safe, ta ce in ranar ta wuce ya zama abinci kawai. A ƙasa akwai mutum fiye da ishirin, kowa ya ƙoshi yana hamdala, ina jin dariyarsu ta matakala, kuma babu ɗaya da zan iya kira. Na fashe da kuka.

Na ce, "Na wane ne wannan?"

Ta ce na autansu ne. Ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ko gemu bai fara ba aka saka shi a motar, don kawai sunan gidan da yake ɗauke da shi. Ta faɗi sunansa. Sannan ta zare cokalin daga hannuna, ta jawo kwanon gabanta, ta rufe shi da 'yar tasa.

Ta ce, "Bar shi, ya binti, kada ki ji wa cikinki. Shi dama ba mai ci ba ne. Sai an bi shi da cokali."

Ba ta sake yin Ashura a lungunmu ba. Kafin shekara ta zagayo aka mayar da ɗan yayanta wata tasha, ya tafi da ita, ban kuma jin labarinta ba. Sunayen ukun da na ci wa sun ɓace mini tuntuni. Na huɗun ne ya ƙi fita daga kaina.